Launi a takarda, girma a ruwa: yadda ake fitar da irin sikaler a ƙasar zafi

Wanda ya sayi sikaler biyu, wato kifin adon nan da ake kiwo a akwatin gilashi, a Garwa ko Njamena, ɗaya ruwan zinare ɗaya mai shuɗi a jiki, ya haɗa su don ya sami 'ya'ya masu kyan uwa da na uba, abin da galibi zai tarar bayan wata biyu shi ne akwati cike da 'yan kifi ruwan azurfa masu baƙin ratsi, babu na zinare ko ɗaya, babu shuɗi ko ɗaya. A nan ne ake fara zargin mai kanti da algus, alhali bai yi komai ba. Launukan biyu suna nan a jinin 'ya'yan, laɓewa suka yi, kuma da alƙalami da takarda ana iya faɗin haihuwar da za su fito da yawan da za su fito. Abin da takarda ba ta iya faɗi shi ne girman da kifin zai kai da tsayuwar fiffikensa. Wannan a cikin ruwa ake yinsa, a watanni huɗu na farko, kuma nan ne yawancin masu kiwo a yankinmu suke faɗuwa.

Kifin nan masu Faransanci suna ce masa scalaire, masu Ingilishi angelfish, masana kuwa Pterophyllum scalare, kuma tun 1823 aka rubuta bayaninsa. Asalinsa kogin Amazon ne da rassansa a Kudancin Amurka, ruwa mai ɗumi, mai tafiya a hankali, cike da saiwoyi da ganye. Danginsu ɗaya da karfasar da ake kamawa a Binuwai da tafkin Lagdo, shi ya sa yake da faɗa a kan wurin zama da tsananin kula da ƙwai. Bambancin shi ne karfasar Nilu uwa ce ke ɗauke ƙwai a baki, sikaler kuwa yana manna nasa a jikin ganye, uwa da uba suna yi musu fifita. Jikinsa yakan kai santimita 15 a tsawo, daga ƙarshen fiffiken sama zuwa na ƙasa kuma wajen santimita 20. Akwai ɗan'uwansa altum na kogin Orinoko, wanda aka bayyana a 1903, ya fi shi tsayi nesa ba kusa ba, amma wani jinsi ne dabam mai son ruwa mara ma'adini, kuma hayayyafa da shi aiki ne na ƙwararrun ƙwararru. Mai farawa ya bar shi tukuna.

Na dawa duka ruwan azurfa ne da baƙin ratsi a tsaye. Duk sauran launukan da ake gani a kanti sun fito ne daga 'yan canje-canje a ƙwayoyin gado waɗanda masu kiwo suka tsinta suka riƙe. Wata Ba'amurkiya, Dakta Joanne Norton, ita ce ta warware yawancin lissafinsu ta hanyar haɗa iri da iri tana ƙirga 'ya'ya, ta buga sakamakon a shekarun 1980, kuma haruffan da masu kiwo ke amfani da su yau a kan aikinta aka ɗora su.

Ka'idar ba ta da wuya. A kowane gurbi na gado kifi yana ɗauke da ƙwaya biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, guda ɗaya ta isa ta nuna kanta. Wata kuma mai laɓewa ce, sai ta zo daga ɓangarorin biyu sannan ido ya gan ta. Ƙwayar dawa ana rubuta ta da alamar +. Ruwan zinare, g, mai laɓewa ne. Idan aka haɗa g/g da +/+, duk 'ya'ya +/g ne, kuma a ido azurfa ne zalla. Idan aka haɗa waɗannan 'ya'yan da junansu, ɗaya cikin huɗu zai fito zinare, wato a 'ya'ya 200 a sa ran wajen 50. Shuɗin nan da aka fitar a ƙasar Filifin, pb, shi ma mai laɓewa ne, amma a wani gurbi dabam yake zaune. Shi ya sa haɗin da muka fara da shi ya ba da azurfa. A haihuwa ta biyu, cikin kowane 16, wajen 9 azurfa ne, 3 zinare, 3 shuɗi, ɗaya tak kuma zai haɗa g/g da pb/pb, ya fito fari fat mai sheƙi, wanda ake kira filatinom. A 'ya'ya 320 ana maganar 20 ke nan. Tunda kifin yana buƙatar wata shida zuwa shekara kafin ya balaga, mai neman filatinom ta wannan hanya ya ware shekara ɗaya da rabi zuwa biyu.

Gurbin da ya fi rikitar da mutane shi ne na baƙi, domin ƙwayoyi biyar ne ke neman kujera biyu: ta dawa, ta baƙi D, ta dabbare-dabbare M, ta dabbare-dabbaren zinare Gm, da ta zinare g. Kifi ɗaya ba zai ɗauki fiye da biyu daga cikinsu ba. Mai D guda da + yana fitowa da duhu-duhu, ratsinsa na nan ana gani, fiffikensa kamar leshi. Mai D/D baƙi ne wuluk, kuma a nan tarkon yake: yana da rauni, yana jinkirin girma, 'ya'yansa suna yawan mutuwa tun suna ƙanana, kuma ba ya cika haihuwa yadda ake so. Mai son baƙin sikaler mai ƙwari ya nemi D/g. Ƙwayar zinare, abin mamaki, ba ta rage baƙin, ƙara shi take yi, kifin ya fito baƙi ƙirin kuma da ƙarfinsa. Haɗa D/g da g/g yana ba da rabi baƙi rabi zinare, dukansu abin sayarwa, babu raunanan D/D a ciki. A ganina wannan shi ne haɗin da ya fi dacewa da mai akwati uku ko huɗu.

Dogon fiffike, V, haka yake. Guda ɗaya tana ba da mai mayafi, fiffike da wutsiya dogaye masu kyau. Guda biyu kuwa sun wuce gona da iri, fiffiken ya yi nauyi ya lanƙwashe, kifin yana iyo da ƙyar, a wurin cin abinci kullum shi ne na baya. Saboda haka a haɗa mai mayafi da mai gajeren fiffike, a sami rabi da rabi. Idan aka haɗa masu mayafi biyu, kashi ɗaya cikin huɗu zai zama wahala.

Sai koyi, wanda ya fi kowanne farin jini, mai farin jiki da ɗigon baƙi da ruwan goro a ka. Shi haɗi ne na gurbi biyu: Gm/Gm ko Gm/g, tare da ƙwayar goge ratsi guda biyu, S/S. Wannan S/S ita ce ke sa kumatun ƙananan su yi ja, domin marfin da ya rufe wurin numfashinsu yana da haske ana hango jinin ciki, kuma jan yakan ɓace idan sun girma. Mai Gm/Gm ya fi yawan baƙi a jiki, Gm/g ya fi sauƙin baƙi. Haɗa Gm/g biyu zai ba da kashi ɗaya cikin huɗu marasa baƙi ko ɗigo. Zabiya mai jan ido da mai ɓawo kamar lu'ulu'u su ma masu laɓewa ne. 'Ya'yan zabiya ba su gani sosai, haske mai ƙarfi yana damunsu, idan aka bar su cikin 'yan'uwansu masu lafiyar ido yunwa ce ke kashe su, don haka a ware su tun satin farko.

Idan ana shakkar abin da wani kifin azurfa ya ɓoye, gwajin ɗaya ne: a haɗa shi da mai launin da ake zargi. In an haɗa shi da zinare aka ga rabin 'ya'ya zinare, yana ɗauke da g. In 'ya'ya ɗari sun fito babu ko ɗaya, ba ya ɗauke da ita.

Iyakar abin da takarda ke iya yi ke nan. Ruwan goron da ke kan koyi, wanda a kansa ake tsawwala kuɗi, ba ƙwaya ɗaya ce ke riƙe da shi ba. Ƙwayoyi ne masu yawa, kowace da ɗan abin da take ƙarawa, sannan abinci da kwanciyar hankali su ɗora nasu. Kifi ba ya iya ƙera sinadarin da ke ba da ja da rawaya a jikinsa, daga abinci yake samu: jatan lande, 'ya'yan artemiya (wani ɗan mitsitsin jatan lande na ruwan gishiri), da gansakukar nan sifirulina. Mu a nan muna da sa'a, domin dihe da matan Kanembu ke kwasa daga tafkunan kanwa na gefen tafkin Cadi sifirulina ce. A kan rairayi ake shanya ta, don haka sai an daka an tankaɗe, a zuba ɗan kaɗan cikin abincin da ake kwaɓawa. Amma a riƙe wannan: launin da abinci ya kawo ba a gadonsa. Kifin da aka ɗura wa abincin ƙara launi kafin a kai shi kanti zai koɗe cikin 'yan makonni a gidan mai saye, kuma 'ya'yansa ba za su ɗauki komai daga wancan jan ba. Hanyar gane mai jan gaske ita ce a tara 'yan ciki ɗaya a akwati ɗaya, abinci ɗaya, a ga wanda ya fi ja duk da haka.

Akwai wani iri mai kama da tunkiyar uda, rabin jiki fari rabi baƙi, sai dai shi baƙin a baya yake. Ƙwayarsa mai laɓewa ce, amma ko kifi yana da ita guda biyu, in ya tashi cikin cunkoso da ƙazamin ruwa baƙin ba ya fitowa, sai a ɗauka azurfa ne. Hatta ratsin na azurfa yana da sharaɗi: 'ya'yan da aka bar wa fitila dare da rana suna tashi ratsinsu bai cika ba ko babu shi sam. Awa goma zuwa goma sha biyu na haske sun isa, da dare a kashe. Kuma kada a yanke wa kifi hukunci a ranar da ya iso daga doguwar tafiyar jirgin ƙasa zuwa Gaundare ko motar Kusiri, domin tsoro yana kore masa ratsi cikin mintoci. A ba shi sati biyu, a dube shi da hantsi kusa da taga.

Yanzu maganar girma. Makiyayin gudali ya san cewa maraƙin da ya sha yunwa a shekararsa ta farko ba ya kamo 'yan'uwansa ko an kai shi kan harawa daga baya, komai kyan ubansa. Haka sikaler yake, kuma nasa ya fi sauri. Wanda ya tsumbure ana gane shi da ido: idonsa ya yi wa kansa girma, fiffikensa gajere, jikinsa siriri in an dube shi ta gaba. Irin wannan ba ya gyaruwa.

Abu na farko abinci ne a satin farko. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana biyu zuwa biyu da rabi a zafin digiri 27. 'Ya'yan suna manne a wuri ɗaya ta ka suna karkaɗa wutsiya, suna shan gwaiduwar cikinsu har wajen kwana biyar, sannan su tashi iyo, wato kusan kwana bakwai daga ranar ƙwai. Kafin su tashi kada a zuba komai, ɓata ruwa ne kawai. Da sun tashi kuwa abinci mai motsi suke nema, kuma babu abin da ya kai sabon ƙyanƙyasar artemiya. A yanke gindin gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi a kife ta, a zuba ruwa lita ɗaya, gishiri giram 25 zuwa 30, ƙwan artemiya rabin ƙaramin cokali, a sa bututun iska har ƙasa yadda ƙwan ba zai kwanta ba. Cikin awa 24 sun fashe. A kashe iskar, a haska gindin gorar da tocila, za su taru wurin hasken, ɓawon ya taso sama. A zuƙe su, a tace da kyalle mai laushi, a ɗauraye gishirin, a ba 'ya'yan. Bayan minti goma a dubi cikinsu: in ya yi ɓul ya koma ruwan lemo, sun ci. Sau uku ko huɗu a rana, kaɗan-kaɗan, kuma gora biyu ake ajiyewa, ɗaya ta safe ɗaya ta yamma, domin artemiyar da ta daɗe da fashewa ta cinye abin da ke jikinta. Gwangwanin ƙwan kuma a rufe shi ruf a sa a firij, zafi da danshi suna kashe shi. Gwaiduwar dafaffen ƙwai da wasu ke murzawa tana iya tsayawa na kwana ɗaya ko biyu in babu yadda za a yi, amma tana ruɓar da ruwa da wuri. Daga sati na uku a fara haɗawa da garin abincin kifi mai laushi. Da damina akwai 'yan ƙwarin ruwa jajaye da ke cika kududdufai, abinci ne mai kyau ga waɗanda suka kai wata, in an tace su an tabbatar babu 'ya'yan mazari a ciki, domin 'ya'yan mazari cinye kifin suke yi.

Na biyu wuri da canjin ruwa. 'Yan kifi 300 za su zauna a lita 40 sati biyu ko uku, daga nan sai a raba su. Idan jikinsu ya kai faɗin tsabar sefa 100, kowane ɗaya yana buƙatar wajen lita huɗu, wanda za a ajiye don iri kuma a ƙara masa har ya kai lita 30 zuwa 40 in ya girma. Zurfin akwatin kada ya gaza santimita 40, 45 ya fi, domin fiffike sama da ƙasa yake tafiya, a gajeren ruwa kuma lanƙwashewa yake yi. Lissafin yana nuna abin da mutane ba su son ji: mai akwati biyu na lita 100 ba zai iya rainon 'ya'ya 300 ba. Gara ya zaɓi 50 ya raine su da kyau. A akwatin ƙanana a bar ƙasan babu tsakuwa, a zuƙe kashi da ragowar abinci da siririn bututu, a canja kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan kullum ko bayan kwana ɗaya. Matatar soso mai aiki da iska ita ce ta dace, ba ta zuƙe 'ya'ya. Ƙwayoyin halitta masu cinye amoniyar da kifi ke fitarwa a cikin soson suke zaune, don haka a matse shi a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Wanke shi a bakin famfo kashe su ne.

Na uku shi ne namu na kanmu, wanda littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba: zafi. Sikaler yana walwala tsakanin digiri 24 da 30, haihuwa kuma ta fi kyau a 26 zuwa 28. Daga Maris zuwa Mayu a Garwa da Marwa da Njamena zafin rana yana wuce digiri 40, ruwan akwati a ɗaki mai rufin kwano yana iya haura 32. Ruwa a digiri 25 yana riƙe oksijin wajen miligiram 8.2 a lita, a 30 ya koma 7.5, a 35 ya sauka kusan 7, alhali a daidai lokacin jikin kifin ya fi buƙatarsa. Amoniya ma ta fi guba a ruwan zafi, ta fi kuma a ruwan da ya yi kanwa-kanwa, irin na wasu rijiyoyin ɓangaren tafkin Cadi. Alamar ita ce kifi a saman ruwa suna haki da asuba, ƙwai kuma suna yin fari gaba ɗaya, wato sun lalace. Magani shi ne a ajiye akwati a ɗaki mafi sanyi kusa da ƙasa, a buɗe murfin, a sa fanka tana bugun fuskar ruwan, wannan kaɗai yana sauke digiri biyu ko uku. A ƙara iska, a rage abinci, a rage yawan kifi. Ruwan canji kada a ɗebo shi daga tankin kan rufi da tsakar rana. A tara shi a randa ya kwana, ya huce, kilorin ɗin famfo ma ya fita, a canja da sassafe. Randar a rufe ta saboda sauro. Famfon iska mai batir ko ƙaramin faifan hasken rana ba kwalliya ba ne a nan, domin 'yan awoyi babu wuta a daren bazara sun isa su kashe akwati guda. Mafi alheri a dakatar da haihuwa a bazara, a raba namiji da mace su huta, a dawo aiki idan damina ta sauka. Da hunturu kuma abin juyawa yake yi, dare ya yi sanyi, ruwa ya sauka zuwa digiri 20 ko ƙasa, musamman a tudun Gaundare, sai ciwon fararen ɗigo ya ɓulla. Hita mai wat ɗaya ga kowace lita tana wadatarwa.

Abu guda da ke kashe kifi a gidajenmu ba tare da an gane dalili ba shi ne maganin sauro, na fesawa da na ƙonawa. Sinadarin da ke cikinsu guba ne mai tsanani ga kifi, kuma famfon iska yana ɗaukar hayaƙin ya tura shi cikin ruwa. Ɗakin kifi ba a fesa masa magani, raga ake sa wa taga.

Sai an daidaita waɗannan sannan zaɓe yake da ma'ana, domin in ba haka ba wanda ya fi girma a akwati mai cunkoso mafaɗacin da ya fi ƙwatar abinci ne kawai. Tankaɗe da rairaya sau uku ake yi. A wata ɗaya a fitar da masu rarrafe da ciki a ƙasan akwati, masu karkataccen baya, da waɗanda suka rasa ɗaya daga dogayen zaren nan biyu na ƙirji. A wata biyu zuwa uku a duba siffa: jiki zagaye kamar faifai, fiffiken sama da na ƙasa a miƙe babu karaya, marfin kumatu ya rufe ruf, goshi babu kwarmi. A wata biyar zuwa shida sannan a duba girma, a ƙarshe launi. Mutane suna juya tsarin, su fara da launi, shi ya sa ake ganin koyi mai jan kai da gurguwar wutsiya ya zama uban garke. Launin da aka rasa ana dawo da shi a haihuwa biyu, mummunar siffa kuwa in ta shiga zuri'a fitar da ita sai an sha wuya. Wanda launinsa ne kawai bai kai ba a sayar da shi don ado, a faɗa wa mai saye gaskiya. Wanda nakasarsa ta hana shi iyo ko ci a kwantar da shi da man kanumfari, wajen mililita 0.4 a lita, a kaɗa man da ɗan ruwa tukuna a zuba a hankali. Ko ɗaya kada a sake a kogin Binuwai ko na Logon, baƙon kifi ne.

Wurin auna girma, jiki ake aunawa daga baki zuwa gindin wutsiya, ba a sa fiffike a lissafi. A gwada 'yan ciki ɗaya masu iri ɗaya, domin baƙi da mai mayafi sun saba jinkiri in an gwada su da azurfa. Kuma akwai kuskure da ya kamata a kiyaye: maza sukan fi mata girma, don haka wanda ya ɗebi manya shida mafi girma yana iya wayar gari da maza kusan zalla. A ɗebi uku ko huɗu daga manya, uku ko huɗu daga masu bi musu. A kifi shida da aka ɗiba ba tare da zaɓe ba, damar samun jinsi biyu ta kai kashi 97 cikin ɗari. A zuba su a akwati mai lita 200, a bar su su zaɓi juna. Za a ga biyu sun ware kusurwa suna korar saura, suna goge wani wuri da baki. Jinsi ba ya tabbata sai ranar ƙwai: bututun mace mai kauri ne mai dakusasshen baki, na namiji siriri mai tsini. Mata biyu ma sukan haɗu su zuba ƙwai, in ƙwan yana yin fari duka cikin awa 24 sau biyu sau uku kuma ruwan bai yi zafi ba, a dubi bututun nan da kyau.

Ma'aurata a ba su akwatin kansu na lita 75 zuwa 80, a jingina musu fale-falen dutse, guntun tayil ko bututun roba a karkace. Mace tana zuba ƙwai layi-layi daga ƙasa zuwa sama, namiji yana bi yana barbara, daga ɗari biyu ko uku a farkon haihuwa har ya fi haka in ta manyanta. Sababbin ma'aurata sukan cinye ƙwan farko da na biyu, ba laifi ba ne, a rufe gefen akwatin da kyalle a rage zirga-zirga. In ana so a ƙyanƙyashe da hannu, a ɗauke tayil ɗin bayan awa ɗaya ko biyu da gamawa, a sa a kwalba mai lita huɗu ko biyar da ruwa mai zafi ɗaya da na akwatin, a ɗiga shuɗin metilen har ruwan ya yi shuɗi mai haske don hana fumfuna, a sa kumfar iska tana wucewa kusa da ƙwan ba a kansa ba. Fararen a tsince su da tsinke. Idan ana ɗauke ƙwai, mace tana sake zubawa duk kwana bakwai zuwa goma sha huɗu, kuma wannan yana cinye ta. Bayan zubi uku ko huɗu a sa shamaki tsakaninsu ta yi wata guda tana ci. Ina ganin ya dace a bar kowane ma'aurata su raini 'ya'yansu ko sau ɗaya, domin iya raino shi ma hali ne da ya cancanci a zaɓa.

Saura maganar jini. A garin da sikaler kaɗan ne ke isowa, kusan duk na kanti ɗaya 'yan ciki ɗaya ne. Haɗa wa da ƙanwa yana kafe launi da wuri, amma ma'aunin kusancin jini yana kai kashi 25 cikin ɗari a haihuwa ta farko, 37.5 a ta biyu, 50 a ta uku, kuma tare da shi ƙwai ke raguwa, jiki ke ƙanƙancewa, nakasa ke yawaita. Hanyar da ta fi ita ce a riƙe gida biyu na iri ɗaya, a riƙa musayar namiji tsakaninsu bayan haihuwa biyu, ko a yi musaya da wani mai kiwo a Marwa ko Kusiri wanda kifinsa daga wata hanya ya zo. In zuri'a ta fara lalacewa, a shigo da ƙaƙƙarfan azurfa mai kyan siffa daga waje. In launin na ƙwaya ɗaya mai laɓewa ne, 'ya'yan farko za su ɓoye shi, jikoki su dawo da shi kashi ɗaya cikin huɗu, da sabon ƙarfi. Sabon kifi ya yi sati huɗu a akwati shi kaɗai, da ragarsa da bututunsa, kafin ya haɗu da na gida. Kowane akwati kuma a manna masa takarda a jikin gilashi: haruffan uwa da na uba, ranar ƙwai, yawan da suka tashi iyo, yawan kowane launi, da tsawon jiki a wata uku da wata shida.